In Beyar da Sata, Daddawa Ma da Wari

Yawancinmu ba mu taɓa ganin beyar ido da ido ba, gama babu ita a dazuzzukan ƙasarmu, kai, babu ita ma a dajin ko'ina cikin Afirka a yau. Sunanta dai mun saba jinsa tun muna yara, a labarin Dauda sa'ad da yake kiwon tumakin mahaifinsa. Amma akwai ƙasashen da beyar ta wuce labari a wurinsu, ta zama maƙwabciya. A Amurka da Kanada da Jafan akwai garuruwan da mutum yakan buɗe ƙofa da asuba ya tarar da ita a bakin gida tana tonon shara, kamar yadda mu nan mukan tarar da akuyar maƙwabta. Sai dai fa wannan akuya nauyinta yakan wuce na buhun masara biyu, tana da farata masu tsaga katako, in kuma ta sa gudu babu ɗan Adam da zai tsere mata. Da yake 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna karatu ko aiki a waɗannan ƙasashe, ya kamata mu san yadda ake zama da ita.

Duk sa'ad da beyar ta ji wa mutum rauni a irin waɗannan garuruwa, jama'a sukan rabu biyu. Waɗansu su ce a ɗauko bindiga a gama da su duka, kowa ya huta. Waɗansu kuma su ce kada a taɓa ko ɗaya, ai dabba ce, ba ta san laifi ba. A ganina duka ɓangarorin nan biyu sun zuba wa beyar ido, sun manta da abin da ya kawo ta ƙofar gida. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, zaman lafiya da beyar yana hannun mutanen unguwa, ga yadda suke yi da abincinsu da shararsu, kuma aiki ne wanda gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba.

Abin da ke kawo ta gida

Mu fara da halin dabbar. A ƙasashen sanyi yawancin beyar sukan shiga rami su kwanta na watanni a lokacin hunturu, ba ci ba sha. Kafin ta kwanta, dole ta tara kitsen da zai riƙe ta har sanyi ya wuce. Saboda haka a watannin Satumba da Oktoba tana iya yin awa 20 a yini tana neman abinci, ta cinye abin da zai ƙosar da manyan mutane 8 ko 10. A daji sai ta wahala kafin ta sami wannan, tana tsintar 'ya'yan itatuwa, tana tonon saiwa da tururuwa, tana kamun kifi. To, ga shi kuwa a cikin kwandon shara ɗaya na gidan mai hali akwai sauran nama da burodi da mai, abin da zai maye mata wahalar yini guda. Hancinta ya fi na kare jin ƙanshi, tunaninta kuma ba ya manta wurin da ta taɓa ƙoshi. Ranar farko da dare za ta zo, tana ɗari-ɗari. In ba abin da ya same ta, gobe ta dawo, jibi ta zo da rana tsaka, har ta kawo 'ya'yanta su ma su koyi hanya, gama ɗan beyar yakan yi fiye da shekara yana bin uwarsa.

Wannan hali ba baƙo ba ne a gare mu ɗungum. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na gandun dajin Yankari ya san yadda gwaggon biri yake fizge abinci daga hannun baƙi, har ya shiga ɗaki in an bar ƙofa a buɗe. Ɗan'uwansa na tsakiyar daji da ya hangi mutum sai ya ba shi wuri, amma na sansani ya saba, tsoro ya fita daga idonsa. Haka beyar take, sai dai ita in tsoro ya fita daga idonta, abin da ke biyo baya ya fi satar burodi. Shi ya sa ma'aikatan daji a Amurka sukan ce beyar da aka ciyar, an riga an kashe ta. Watau ranar da ta fara cin abincin mutane, ranar ta kama hanyar da za ta kai ta bakin bindiga.

Darasin da Amurka ta koya da jini

Amurkawa ba su gane wannan da arha ba. A gandun dajin Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, an daɗe ana zuba sharar masaukin baƙi a juji, beyar suna taruwa suna ci. Har kujeru aka jera wa 'yan yawon buɗe ido domin su zauna su yi kallo, masu motoci kuma suna miƙa musu abinci ta taga. Daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara beyar sukan ji wa mutum kimanin 48 rauni a wannan gandu, ban da ɓarnar dukiya fiye da sau 100. Ana gani ana dariya, ana ɗaukar hoto.

Abin da ya farkar da ƙasar ya faru ne a wani gandun dabam, mai suna Glacier, a jihar Montana. A daren 13 ga Agusta 1967, beyar biyu daga cikin manyan nan masu ruwan ƙasa da ake kira girizli suka kashe 'yan mata biyu, kowace 'yar shekara 19, a wurare biyu masu nisa da juna. Tun da aka kafa gandun a 1910 beyar ba ta taɓa kashe kowa a cikinsa ba sai a wannan dare. Da aka bincika, sai aka tarar a wuri na farko ana zuba sauran abinci a bayan masauki domin beyar su zo baƙi su kalla, a wuri na biyu kuma beyar ɗin ta daɗe tana cin abin da masu kwana a daji suke bari. 'Yan matan nan ba su ne suka ciyar da su ba. Waɗansu ne suka yi sakaci, su kuma suka biya da ransu. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin al'amarin duka: mai zubar da sharar sau da yawa ba shi ne beyar take tararwa a hanya ba.

A 1970 hukumar Yellowstone ta kawo sabuwar doka. Ta rufe jujin da suka rage a cikin gandun, ta tsananta hana ciyar da beyar, ta sa kwandunan shara na ƙarfe waɗanda dabbar ba ta iya buɗewa. Gaskiya ita ce gyaran ya zo da nasa ciwo. Waɗansu masana biyu 'yan tagwaye, Frank da John Craighead, waɗanda suka yi shekaru tun daga 1959 suna nazarin girizli, sun yi gargaɗi cewa a rufe jujin sannu a hankali, gama dabbobin da suka dogara da shi za su bazu cikin sansanonin mutane. Haka kuwa aka yi. Da yawa suka shiga sansani neman abinci aka kashe su, har a 1975 gwamnati ta sa girizli cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Amma da waɗanda suka saba da shara suka shuɗe, 'ya'yan da aka haifa daga baya suka tashi da abincin daji. Raunukan da a da suke kaiwa 48 a shekara suka sauko zuwa kimanin ɗaya, ko da yake baƙi sun ƙaru ƙwarai, girizli kuma suka hayayyafa har suka kai wajen 1,000 a wannan yanki. Mutane sun tsira, dabbobi ma sun tsira, da magani guda.

Daga gandun daji zuwa cikin unguwa

Wani zai ce, ai wannan gandun daji ne, inda hukuma take da iko a kan kowa, cikin gari fa? Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada. A garin Durango na jihar Kolorado, inda baƙar beyar take shiga unguwanni kowace shekara, ma'aikatan kula da namun daji na jihar sun yi bincike daga 2011 zuwa 2016. A 2013 suka raba kwandunan shara masu sakata fiye da 1,000 kyauta ga gidajen waɗansu unguwanni, suka bar waɗansu unguwannin yadda suke domin a kwatanta. Da aka yi lissafi, ɓarnar beyar a kan shara ta ragu da kashi 60 cikin 100 a unguwannin da aka ba kwandunan. Sun kuma lura da wani abu: kwandon ba ya amfani in mai gida ya yi ƙiwuyar sa sakata, kuma sai yawancin gidajen layi sun kiyaye kafin a ga canji. Gida goma su kulle, ɗaya ya bari a buɗe, beyar za ta ci gaba da bin layin, ta wuce ta ƙofar masu kullewa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A nan nake ganin hakkin hukuma ya shigo. Irin wannan kwando yana da tsada, ba kowane mai haya ko tsohuwa mai ɗan fansho ne zai iya saye ba. In aka kafa doka aka ce kowa ya saya ko a ci shi tara, mai hali zai saya, talaka ya ci gaba da ajiye shararsa a waje, ƙofa ta zauna a buɗe. Abin da Durango ta nuna shi ne a fara sa kayan aikin a hannun jama'a, sa'an nan a tsananta doka.

Wani labari daga jihar Kalifoniya ya nuna yadda mutane suke saurin ɗora laifi a kan dabba ɗaya. A farkon 2022, a unguwannin bakin tafkin Tahoe, aka yi ta kuka da wata ƙatuwar baƙar beyar mai nauyin fiye da kilo 200, wadda aka ce ta fasa gidaje kusan 30. Har suna aka sa mata, jaridun duniya suka ɗauka, aka fara maganar kashe ta. Da aka gwada gashi da miyau da aka samu a gidajen, sai aka ga ashe aƙalla beyar uku ne suke wannan aiki. A watan Agusta 2023 aka kama ɗaya, ta mace, tare da 'ya'yanta uku, gwaji ya tabbatar ita ce ta shiga gida 21, aka kai ta wani wurin ajiye namun daji a Kolorado. Da an harbe ta farkon da aka zarga, da sauran sun ci gaba da fasa gidaje, gama abin da ya koya wa ukun nan hanya yana nan a bakin kowace ƙofa.

Garin da ya koyi zama da farar beyar

Misalin da ya fi burge ni yana can arewacin Kanada. Churchill ƙaramin gari ne a lardin Manitoba, a gaɓar tekun Hudson, mutanensa ba su cika 1,000 ba, babu ma hanyar mota da ta kai can, sai jirgin ƙasa ko na sama. Maƙwabciyarsu ita ce farar beyar, wadda ta fi kowace girma, namijinta yakan kai kilo 400 zuwa 600, abincinta kuwa nama ne. A kan ƙanƙarar teku take farautar wata dabbar ruwa mai yawan kitse. In ƙanƙara ta narke wajen watan Yuli sai ta fito tudu ta zauna da yunwa, a Oktoba da Nuwamba kuma su taru da yawa a gaɓa suna jiran teku ya sake daskarewa. Garin Churchill yana daidai kan hanyarsu.

A da, duk wadda ta shigo gari harbe ta ake yi, jujin garin kuwa yana buɗe, suna taruwa a kai. Daga 1969 gwamnatin lardin ta kafa shiri na musamman, aka yi ta gyara shi shekara da shekaru. Akwai lambar waya da kowa ya sani, ana amsa ta dare da rana. In an ga beyar kusa da gari, ma'aikata sukan fito da mota su kore ta da harsashi mai ƙara wanda ba ya kisa. Wadda ta ƙi koruwa sai a kama ta da tarko ko allurar barci, a kai ta wani tsohon ginin soja mai ɗaki 28, wanda mutanen garin suke kira kurkukun beyar. A can takan yi har kwana 30, ana ba ta ruwa amma ba a ba ta abinci. Mai jin wannan zai ce mugunta ce, amma dabbar ta saba yin watanni ba ci a wannan lokaci na shekara, kuma in aka ciyar da ita, an koya mata ke nan cewa wurin mutane akwai abinci. Daga baya a sake ta a kan ƙanƙara, ko a ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu zuwa nesa da gari. A 2005 aka rufe jujin, aka koma tara shara a cikin gini.

Amma aikin hukuma rabi ne. Sauran rabin yana cikin al'adar mutanen garin. Ana koya wa yara tun suna ƙanana kada su bi ta cikin duwatsun gaɓa, inda beyar takan kwanta. Mutane da yawa ba sa kulle motocinsu, domin duk wanda ya yi kiciɓis da ita a titi ya sami wurin fakewa. A daren 31 ga Oktoba, sa'ad da yara suke zaga gidaje bisa ga al'adarsu ta karɓar alewa, ma'aikatan daji da 'yan sanda da 'yan sa kai sukan kewaye garin da motoci har yaran su koma gida. A 1983 beyar ta kashe wani mutum a cikin garin, kuma daga nan an yi shekara 40 ba a sake rasa rai ba. Ba a ce hatsari ya ƙare ba. Da asubar 1 ga Nuwamba 2013 beyar ta kama wata mata a kan titi, wani dattijo mai shekara 69 ya ji ihunta, ya fito da shebur ya buga wa dabbar. Ta saki matar ta koma kansa, maƙwabta suka fito suka kore ta, dukansu biyu suka rayu da munanan raunuka.

Yanzu kuma ga wata sabuwar damuwa. Saboda ɗumamar yanayi, ƙanƙarar tekun Hudson tana saurin narkewa tana jinkirin daskarewa, beyar suna ƙara makonni a tudu da yunwa fiye da yadda suke yi a shekarun 1980. Ƙidayar da aka yi ta nuna farar beyar ta yammacin wannan teku ta ragu daga 842 a 2016 zuwa 618 a 2021. Dabbobin sun ragu, amma kwanakin da suke yi kusa da mutane sun ƙaru, saboda haka garin ba shi da damar yin sakaci.

Inda bindiga take da wuri

Kada a ce na ɓoye abin da ba ya goyon bayan maganata. Ƙasar Jafan ta shiga wani hali wanda kulle kwandon shara kaɗai ba zai warware ba. Daga Afrilu 2023 zuwa Maris 2024 beyar ta kai wa mutum 219 hari a ƙasar, 6 suka mutu. A ƙarshen 2024 wata ta shiga babban kanti a birnin Akita, ta ji wa ma'aikaci rauni, ta yi kwana biyu a ciki kafin a kama ta. A 2025 abin ya fi muni, aƙalla mutum 13 suka rasu, har a watan Nuwamba aka tura sojoji lardin Akita su taimaka wajen ɗaukar tarkuna da girke su. A watan Satumba na 2025 aka fara aiki da dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon sa maharba su yi harbi a cikin unguwa in hali ya yi tsanani.

Me ya kawo haka? Beyar sun ƙaru, maharba sun tsufa sun ragu, a shekarun da itatuwan daji ba su yi 'ya'ya ba kuma yunwa takan koro dabbobin daga duwatsu. Bugu da ƙari, matasa sun bar ƙauyuka sun tafi birni. Gonakin da a da suke tsakanin daji da gari sun zama kurmi, beyar tana tafiya a ɓoye har bakin gida. A farfajiyar gidajen da aka bari akwai itatuwan kaki, wani ɗan'uwan kanyarmu mai manyan 'ya'ya, suna nuna suna zuba babu mai tsinka. To, ashe ko a nan ma daddawar tana nan, sai dai ta canza kama. Shi ya sa hukumomin can suke roƙon jama'a su tsinke 'ya'yan kaki da wuri ko su sare itatuwan da ba mai kula da su, su share ciyayin gefen gari, su kewaye gonaki da waya mai lantarki.

Na yarda cewa beyar da ta ji wa mutum rauni, ko ta saba fasa gida ana ciki, ba abin wasa ba ce, dole a kawar da ita. Ɗauke ta a kai nesa ma ba kullum yake aiki ba, gama sau da yawa takan yi tafiyar kilomita da yawa ta komo, ko ta ci gaba da halinta a garin waɗansu. Na kuma yarda cewa inda suka yi yawa ƙwarai, hukuma tana da hakkin rage su bisa ga ƙidaya ta gaskiya. Ran mutum yana gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi harbi a koma gida a bar shara da 'ya'yan itace a inda suke. In aka yi haka, an share wa wata beyar wuri ne kawai, baɗi a sake jana'iza, a sake harbi. Haka nan ban yarda da mai tausayin da yake ajiye wa beyar abinci a bayan gida ba. Yana ganin alheri yake yi, alhali kuwa ya sa ɗan maƙwabcinsa cikin hatsari, ya kuma yanke wa dabbar hukuncin kisa.

In an yi kiciɓis

Ga 'yan'uwanmu da suke zaune a irin waɗannan wurare, ko masu shirin tafiya, kada tsoro ya hana ku barci. Wani masani na Jami'ar Calgary a Kanada, Stephen Herrero, ya tattara lissafin shekara 110, daga 1900 zuwa 2009, ya tarar baƙar beyar ta kashe mutum 63 a Amurka da Kanada duka, alhali dabbobin sun kai dubban ɗaruruwa. Yawancin lokaci ita ma guje wa mutum take yi. Amma rigakafi ya fi magani. A ajiye shara a cikin ɗaki mai ƙofa har safiyar da motar kwasa za ta zo. Kada a bar abincin kare ko hatsin tsuntsaye a waje, a wanke abin gasa nama bayan an gama, kada a bar ko ɓawon ayaba a cikin mota. A kulle ƙofofi da tagogin ƙasa da dare, a riƙe kare da igiya in za a fita da shi, gama kare yakan tsokano beyar ya gudo da ita wurin mai shi.

In kuwa an haɗu da ita, kada a gudu. Tana iya gudun kilomita 50 a awa, gudu kuma yana tada mata halin farauta. Hawan itace ma ba mafita ba ne, baƙar beyar ta fi mutum iya hawa. A ɗauki yara, a yi magana da murya a natse, a riƙa ja da baya sannu ana fuskantarta, a bar mata hanyar fita. Kada a shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, kada kuma a matsa domin ɗaukar hoto. A Yellowstone doka ta ce a bar tazarar yadi 100. Masu shiga daji sukan riƙe gwangwanin feshin barkono wanda aka yi musamman domin beyar. In girizli ta kai hari saboda an firgita ta, shawarar ma'aikatan daji ita ce a kwanta rub da ciki, a rufe ƙeya da hannuwa, a yi lamo har ta tafi. In baƙar beyar ta Amurka ce, ko farar beyar, ko kowace iri da ta biyo mutum cikin ɗaki ko tanti, to, sai a yi faɗa da duk abin da hannu ya kai, a nufi hanci da idanu. Kowane yanki yana da irin tasa beyar, saboda haka baƙo ya tambayi 'yan gari tun ranar da ya sauka.

'Yan'uwa, in kun rubuta wa naku da suke can, ku tambaye su inda suke ajiye shararsu, ku kuma tambaye su ko sun san maƙwabtansu. Matar nan ta Churchill ta rayu ne domin wani dattijo ya ji ihu bai ja bargo ya rufe kai ba. Yaran Durango sun sami sauƙi ne domin gidaje da yawa na layinsu sun yarda su sa sakata. Wanda ya sauka a irin wannan unguwa, alhakin kwandon ƙofarsa yana wuyansa tun daren farko. Allah ya tsare mana su, ya komo da su lafiya.